Ku Tambayi Anti: na'urar suga, gwajin homon da bala'in sha-ka-fashe

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru mini wannan makon har na rasa ta inda zan fara, kuma kusan rabinsu a kan suga da homon ne, to bari mu haɗa su wuri ɗaya. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wani makon.

Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ya ce: "Anti, an gano Hajiyarmu tana da ciwon suga, ina so in saya mata na'urar gwaji ta gida, wacce ta fi kyau?"

Allah ya yi maka albarka ɗana. Amma kar ka fara da tambayar kuɗin na'ura, fara da kuɗin sitirip, wato ɗan tsinken da ake ɗiga jini a kai, don na'ura sau ɗaya ake saya, sitirip kuwa sayensa ba ya ƙarewa. Na Accu-Chek ba ya aiki a OneTouch, na OneTouch ba ya aiki a wata, saboda haka ka zaga kemis uku ko huɗu a garinku ka ga wanne ne kowa ke da shi, shi za ka saya wa na'ura. Kar ka karɓi wanda aka zazzage daga gwangwaninsa ana sayarwa ɗai-ɗai a leda, zafi da danshi suna lalata shi. Sannan ka kula da lissafin na'urar, wata za ta nuna 126 wata ta nuna 7, kuma duk abu ɗaya ne, da 18 ake rabawa. Na taɓa ganin dattijuwar da ta saba ganin ɗari da wani abu, aka canza mata na'ura ta ga 7, ta ce sugarta ta faɗi ƙasa ta shanye kwalbar lemo guda. Ka nuna wa Hajiya wannan tun ranar farko.

Wani kuma ya turo hoton agogo wai yana auna suga ba tare da huda yatsa ba, in saya? A'a. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta fitar da gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke wannan aikin shi kaɗai ba. Riƙe kuɗinka.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce: "Shekara uku da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na je wani shago aka ba ni wani ƙarfe na riƙe, kwamfuta ta ce homon ɗina ya rikice, suka rubuta mini magunguna masu tsada. Anti kullum kuka nake."

Share hawayenki 'yata, Allah ya kawo masu albarka. Abin da aka yi miki dai ba gwaji ba ne. Homon a cikin jini yake, sai an ɗebi jini an kai lab, babu ƙarfen da za ki riƙe minti ɗaya ya karanta shi, kuma duk wanda ya gwada ki da hannun dama yana riƙe da maganin sayarwa a hagu, to kin san amsar da kwamfutarsa za ta bayar. Gwajin gaskiya ma yana da ranarsa. Na homon FSH da LH ana yinsa ne tsakanin rana ta 2 zuwa ta 5 da fara al'ada, firojestaron kuma kwana bakwai kafin al'ada ta gaba, wato rana ta 21 ga wadda take yin kwana 28. In aka kwashe su duka rana ɗaya da sunan "cikakken fakej", rabin kuɗin ya tafi a banza. Likitan mata zai fi son ya haɗa da firolaktin da TSH, wato gwajin tayirod, halittar da ke maƙogwaro. In an ce miki PCOS, wato matsalar homon da ke dagula sakin ƙwai, don kawai sikanin ya nuna ƙananan ƙulli, ki sani tun 2003 masana suka zauna a Rotterdam suka ce sai an samu biyu cikin alamomi uku, sikanin shi kaɗai bai isa ba. Kar ki saya Clomid, maganin sa sakin ƙwai, a kemis kina sha da kanki. Sannan, ki lallaɓa maigidan ya yi nasa gwajin, ya fi naki sauƙi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ana ta wahalar da mace alhali matsalar ba daga gare ta take ba. Ku nemi lab mai rajistar MLSCN, hukumar da ke kula da lab-lab, ko ku wuce asibitin koyarwa na Sakkwato.

Yanzu ga wadda ta sa na zauna rubutun nan. Wata amarya, bikinta saura wata biyu, ta ce: "Anti ni siririya ce, ƙawayena sun ce in sha sha-ka-fashe ko haɗin mai gyaran jiki, wanne ya fi saurin aiki?"

Saurin kai ki asibiti kike nufi? Ki zauna ki ji. Yawancin abin da ake kira sha-ka-fashe deksa ne ko ɗan'uwansa firedinisolon, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki. Deksa magani ne na gaske, ba na raina shi, a Yunin 2020 ma babban binciken da jami'ar Oxford ta jagoranta a Ingila ya nuna yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi. Amma wannan a hannun likita ne, na 'yan kwanaki, ga wanda ke bakin mutuwa. Ke kuma lafiyarki ƙalau.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da homon mai suna kotisol, shi ke riƙe hawan jini da suga in jiki ya shiga wahala. Deksa kwaikwayonsa yake, kuma ya fi shi ƙarfi ninkin-ba-ninkin. In kika yi makonni kina sha, ƙwaƙwalwa sai ta ga kaya sun yi yawa ta daina ba wa 'yan halittun nan umarni, su kwanta barci. Ƙibar da za ki samu kuwa ba wadda kike mafarki ba ce, fuska ce za ta kumbura kamar faranti, ciki ya fito, kitse ya taru a ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, naman cinya da mazaunai da kike nema ma shi ke narkewa. Ga nankarwa manya-manya, ga ƙuraje, ga gashi a haɓa, al'ada ta rikice, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Likitoci suna kiran wannan yanayi da sunan Harvey Cushing, likitan Amurka da ya yi bayaninsa, a lokacinsa ƙari ne ke jawo shi, mu kuma yau da kuɗinmu muke saya a kati. Kuma abin da ke ƙona min rai, mai haɗin gari ko tsumi ba za ta taɓa ce miki ga abin da ta niƙa a ciki ba, babu lambar NAFDAC, babu suna, sai lambar waya da "wallahi ganye ne zalla". Ganyen da zai cika miki kumatu cikin kwana goma ni dai ina tuhumarsa. Haka man bilicin mai kulobetasol, shi ma dangin abu ɗaya ne, fata tana zuƙe shi ya shiga jini in ana lafta shi a duk jiki wata da watanni.

Ga wadda ta riga ta daɗe tana sha, don Allah kar ki karanta wannan ki yar da katin yau. Tsayawa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi, amai, suma, har rasa rai, don masu barcin nan ba su farka ba tukuna. Ɗauki katin ki kai wa likita ki faɗi gaskiya, a hankali ake ragewa. Ke kuma amarya, in ramar sabuwa ce ba ta gado ba, gwajin suga da na tayirod da na jini ya fi miki amfani. In kuwa haka Allah ya yi ki, ai angon a haka ya gan ki ya kawo sadaki.

Wani uba daga Azare: "Yarona ɗan shekara tara yana allurar insulin, ba mu da tsayayyiyar wuta, ya zan yi?"

Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara muku juriya. Kwalbar insulin da ba a buɗe ba firij take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da firiza, in ta daskare ta tashi aiki. Saboda haka kar ka sayi ta wata shida ka jibge, sayi kaɗan-kaɗan daga inda ka ga firjinsu yana aiki da idonka. Wadda ake amfani da ita tana kai kimanin mako huɗu a waje. Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF sun yi bincike a kan zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka wallafa a 2021 cewa ta jure zafi mai hawa da sauka tsakanin 25 da 37 na tsawon wannan lokaci. Sai dai bazararmu tana wuce 40, to ka yi dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu kyautar Rolex a kanta a 2000, ka sa kwalbar cikin roba mai murfi kar ta taɓa ruwa, a ajiye a inuwa. Kuma in kwalba ta ce U-100, wato ƙarfin insulin ɗin, sirinji ma ya zama U-100.

Mai tambaya ko zai ajiye ƙwayoyinsa na suga ya koma zuma: malam, zuma abu ne mai albarka amma tana ɗaga suga. Ka ci gaba da maganinka, ranar da ka sha cokali biyu ka gwada da na'urarka bayan awa ɗaya ko biyu, sai ka turo mini lambar da ka gani.