Dauɗar tsafi ba ɗan ludo ke raba ta ba

Ɗana, jiya bayan 'yan wasa sun watse ka tambaye ni me ya sa suka tsani dauɗar tsafin, wato lalacewar da tsafi ke jawo wa jarumi, da ka sa a duniyar da ka ƙirƙira don wasan labari na kan tebur, inda kowane ɗan wasa ke taka rawar jarumi ɗaya, har yaron nan na Ƙofar Marusa ya ajiye takardar da ake rubuta bayanan jaruminsa ya tafi. Na kwana da littafin wasanka, na kuma ga inda gizo ke saƙar. Ɗan ludo ka bar wa rabon dauɗa. Mutum ya ratsa daji, ya jefa, ya samu 1, sai ka ce jikin jaruminsa ya fara ruɓewa. Bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Wa zai yarda?

Dauɗa sai mutum ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa. Rijiyar da ka gina labarinka a kanta, ai daga Kusugu ta Daura ka aro ta, inda macijiya ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. To, ka sa ruwan taka rijiyar ya warkar da ciwo nan take, ya ba da ƙarfin mutum goma. Ƙanwar jarumi na kwance rai a hannun Allah, guga kuma ga shi a bakin rijiya. Kai dai ka faɗi farashin, wato dauɗar da za ta kama jarumin, ka yi shiru. Wallahi za ka ga ɗan wasa yana gumi a kan kujera.

Sannan kada dauɗar ta fito lokaci guda. Ka taɓa tsayawa a marina? Tsomin farko zane kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya koma shuɗi, a yi ta tsomawa har ya yi baƙi wuluk, kuma hannun marinin ma ba ya tsira. Haka nake so ka jera dauɗar, daga mataki na 1 zuwa na 10. A 2 farce ya dushe. A 4 dokin jarumi ya ƙi shi, nono ya tsinke in ya taɓa ƙwarya. A 6, wannan ne ya fi ciwo, mai fura da ta san shi tun yana yaro ta ajiye masa canji a ƙasa don kada hannunsu ya haɗu. Ƙaho da jajayen idanu ka bar su can ƙarshe, ba su cika tsorata kowa ba.

Masu Call of Cthulhu, wani wasan labarin ban tsoro irin naka, sun gane wannan tun 1981: sanin asiri na cin hankalin jarumi, in makin hankalinsa ya ƙare, ya fita daga hannun mai shi. Kai ma a 10 ka karɓe takardar, jarumin ya dawo abokin gabar 'yan'uwansa.

Hanyar wanke dauɗar kuwa ka bar ta a buɗe, amma da tsada, kuma tabo ɗaya ya zauna har abada. Ka gyara shafi na uku, ka je gida ka ba yaron nan haƙuri, ka kawo mini littafin ranar Asabar bayan la'asar.