Baba ya fara ganin komai rawaya tun da aka ɗora shi kan maganin zuciya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah shawara nake nema akan mahaifinmu. Shekararsa 68, an ce zuciyarsa bata bugawa daidai, tana ta kai da kawo ba tsari, sai aka ɗora shi kan amiyodaron da digoksin, magungunan daidaita bugun zuciya, da wafarin mai hana jini daskarewa. To yau kusan sati biyu kenan yana cewa komai rawaya-rawaya yake gani, da daddare kuma sai ya ga kamar zobe ya zagaye fitila, abinci ma baya iya ci sai tashin zuciya. Jiya kuma idonsa na hagu ya rufe ruf kamar an saki labule, bayan kamar minti 5 ya dawo. Yayana yace a bar maganin kawai a yanka masa gilashi. Ya za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Bari in fara da abin da kika sa a ƙarshe, don wallahi shi ya fi tayar min da hankali. Wannan labulen da ya sauka ya ɗaga ba matsalar gilashi bace ko kaɗan. Idan ɗakunan sama na zuciya suna karkarwa maimakon su matsa da kyau, jini yakan kwanta a wani ɗan lungu a ɗakin hagu ya daskare, sai ɗan gudan jinin ya ɓalle ya bi jijiya, wani lokaci ya toshe jijiyar da ke ba ido jini na ɗan lokaci, wani lokaci kuma ya wuce ƙwaƙwalwa ya zama shanyewar ɓarin jiki. Masu irin wannan bugun zuciyar haɗarin shanyewarsu ya ninka na sauran mutane kusan sau 5. Dawowar ganin nan ba warkewa bace, gargaɗi ne. Ku kai shi asibiti yau, ba sai ranar da aka ba shi ta komawa ba. Za a yi masa gwajin bugun zuciya na ECG, a duba jijiyoyin wuyansa don wani lokaci daga can gudan ke tasowa, a kuma yi gwajin INR mai auna saurin daskarewar jini a ga ko wafarin ɗin na aiki, yawanci ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In kuma kika ga bakinsa ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, to a ɗauke shi a lokacin, don allurar narka gudan jini cikin awa 4 da rabi kacal daga fara alamun ake yin ta.

Ganin rawaya da tashin zuciya kuma, ni na fi zargin digoksin ya yi masa yawa a jini. Maganin nan tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa kaɗan ce, ƙoda ce ke fitar da shi, ita kuma ƙodar dattijo ta rage ƙarfi, ga amiyodaron yana ƙara ɗaga shi a jini, haka ma yake ƙara wa wafarin ƙarfi. Kar a ba shi ƙwayar digoksin ta gaba sai likita ya gan shi an auna shi a jini tare da ƙoda da sinadarin fotasiyam.

Zoben fitilar nan mai yiwuwa shi ne mai sauƙi a ciki. Kusan duk wanda ya daɗe yana shan amiyodaron yakan samu ƴan ɗigo-ɗigo a fatar gaban ido, galibi basa ɓata gani kuma suna tafiya a hankali in an daina. Amma a wasu ƙalilan yana taɓa jijiyar gani, shi yasa nake so likitan ido ma ya leƙa.

Shi kuma yayanki ki lallaɓa shi, na san tausayin Baba ne ya sa ya faɗi haka, amma in aka yar da wafarin gaba ɗaya an buɗe wa gudan jini ƙofa kenan. Kar kuma a ninka masa da kanku. Ku tattara duk kwalayen magungunansa ku tafi da su, har da wanda yake sha ba likita ya rubuta ba, kuma ki faɗa musu ido na hagu ne, da ƙarfe nawa ya faru, da minti nawa ya ɗauka.