Zauren Masu Karatu: Wace Makarantar Tuƙin Tirela Zan Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni matashi ne, ina tuƙa ƙaramar mota ba laifi kuma ina da lasisi, to yanzu so nake in koma babbar mota, tirela in Allah ya yarda. Makarantu biyu na samu, ɗaya ta ce cikin sati biyu za ta yaye ni har da takardar shaida kuma kuɗinta da sauƙi, ɗayar kuma wata biyu take magana, kuɗin ya kusa ninka na farkon. Abokaina suna cewa duk ɗaya ne wai ai tuƙi a kan titi ake koyonsa, in dai takarda ta fito shi ke nan. Dan Allah yaya zan gane wacce ke koyarwa da gaske? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya, titi yana ƙara wa direba gogewa, amma abin da ba a koya maka a fili ba in ka bari sai titi ya koya maka to da tan 40 a bayanka zai koya maka, kuma ga mutane a gabanka.

Sati biyu ko wata biyu duk ba shi ne ma'auni ba. Tambayar da za ka yi musu ita ce, awa nawa hannuna zai yi a kan sitiyari, ni kaɗai, ban da zaman aji kuma ban da zama a gefe ina kallon wani yana tuƙi? Nan ne ake yi wa mutane wayo, za a ce maka awa kaza a cikin mota alhali ku shida ne a kan mota ɗaya, kowa ya ɗan taɓa minti ashirin ya sauka, sauran yinin kuna zaune a inuwa kuna hira kuma duk an lissafa shi cikin horo. A Tarayyar Turai misali, cikakken kwas na sabon direban babbar mota awa 280 ne kuma dole 20 daga ciki ɗalibi ya yi tuƙi da kansa, gajeren kwas ɗin awa 140 ne da awa 10 na tuƙi. A Amurka tun watan Fabrairu na 2022 sabon mai neman lasisin babbar mota sai ya bi ta hannun makarantar da ke cikin rajistar gwamnati kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Kowace ƙasa da nata tsarin, don haka ka fara zuwa wurin hukumar da ke ba da lasisi a inda kake ka tabbatar ta san da zaman makarantar, in ba ta san ta ba takardar da za a ba ka ado ce kawai.

Sannan kar ka biya ko sisi sai ka je da ƙafarka, kuma ba ranar da suka ce ka zo ba, gani ya kori ji. Ka wuce ofis ka nufi filin. Mota nawa ce ke tashi, nawa ce ke kan jak ciyawa ta fito a ƙarƙashinta? Akwai bodi a jone da kan motar ko kai kawai ake zagayawa da shi? Don wanda ya koyi tuƙin kai ba bodi bai koyi tirela ba tukuna, duk wahalar tana baya. Ka duba tayoyi, ka duba madubai ko duk suna nan. Ka tambaya giyar hannu ce ko otomatik, saboda akwai ƙasashen da in ka yi jarrabawa da otomatik za a rubuta maka a lasisi cewa ita kaɗai za ka tuƙa.

Sai malamin, wanda ni a wurina shi ne makarantar gaba ɗaya. Ka ja shi da hira ka ce Malam in iska ta ragu a tanki me zai faru? Birkin babbar mota da iska yake aiki, ba da mai ba irin na ƙaramar motarka, injin ne ke tara iskar a tankuna, kuma akwai geji a gaban direba da ke nuna yawanta. Malamin ƙwarai zai gaya maka cewa in allurar gejin ta sauko wajen 60 psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, ƙararrawa za ta fara kuka jan wuta ya kama, in ta ci gaba da sauka wani ƙaton sifirin (spring) da iskar ke dannewa zai saki ya kame tayoyin da kansa ko kana so ko ba ka so, ko da a tsakiyar titi ne. Zai kuma nuna maka inda ake zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska. Wanda ya ce maka kai dai ka taka birki mota za ta tsaya, ka yi masa godiya ka kama gabanka.

Haka gangara. Ana zaɓar ƙaramar giya tun kafin a fara sauka, a bar injin ya riƙe motar, birki sai dai a riƙa taimaka masa jefi-jefi. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa zai ji ƙauri, birkin ya yi zafi ya daina kamawa, wanda kuma yake ta dannawa yana saki ba ƙaƙƙautawa iskarsa yake ƙararwa. Da yawa cikin abin da ake cewa birki ya tsinke daga nan yake farowa. Kuma gudu in ka ninka shi, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba.

Ka tsaya ka kalli yadda yake koyar da ribas, a nan halinsa ke fitowa. Ɗalibi zai juya sitiyari dama, bodi ya tafi hagu, ya rikice, ya ƙara juyawa, kai da bodi su fara naɗewa kamar an lanƙwasa gwiwar hannu. Wani malamin tsawa zai hau yi yana dukan ƙofa har ya janye yaron ya gyara motar da kansa, yaron bai ƙaru da komai ba sai tsoro. Wani kuwa cewa zai yi tsaya, ja birkin hannu, sauko, zo ka ga inda tayarka ta baya take, ya zagaya da shi ya nuna masa, ya ce koma ka matsa gaba ka miƙe ta ka sake. Wannan na biyun shi za ka ba kuɗinka ko da makarantarsa ba fenti.

Game da makarantunka biyu, ban ce tsada ita ce inganci ba, akwai masu tsadar banza. Amma joni da kwance bodi, duba mota kafin tashi, ribas, shan kwana, gangara, tuƙi da lodi, duk a sati biyu ga wanda bai taɓa hawa ba, gaskiya ina da ja. Ka sa kowacce ta rubuta maka awannin tuƙi da abin da kuɗin ya ƙunsa, har da ko za a sake cajinka in ka faɗi jarrabawa.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ɗana ne wani kamfanin dakon kaya ya ce zai koya masa tuƙi kyauta amma sai ya sa hannu zai yi musu aiki na wani lokaci. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya muna amsawa, Allah ya yi masa albarka. Ana yin haka sosai kuma ba lallai cuta ba ce, wani lokacin ma ya fi, tunda motar da za su damƙa masa tasu ce ba za su so ya fito da rabin ilimi ba. Amma kyautar ba kyauta ba ce, bashi ne da zai biya da aiki. A karanta takardar a nutse kafin ya sa hannu, a ga tsawon lokacin, a ga nawa zai biya in ya bari a tsakiya ko in su suka sallame shi, da ko za a riƙa cire wani abu daga albashinsa. A kuma tambaya bayan ya gama za a haɗa shi da tsohon direba su yi tafiye-tafiye tare ko ranar farko za a miƙa masa makulli. Sai batun hutu, a Turai doka ta ce awa 9 na tuƙi a rana, kuma bayan awa huɗu da rabi dole a huta minti 45. Ya tambayi direbobin kamfanin a bayan idon manaja su awa nawa suke yi.

TAMBAYA: Na yi shekaru ina yaron mota, na iya tuƙi a hannun ogana. Sai na shiga makaranta kuma?

AMSA: Ka shiga, ko gajeren kwas ne. Ka riga ka fi sauran ɗaliban sanin mota, amma ka gaji ogan naka ne da kyawunsa da kurakuransa kuma ba ka san wanne ne wanne ba, ga dokokin hanya da alamomi da lasisin da ya dace da ajin motar. Ka gaya musu tun farko su gwada ka a fili su ga inda ka tsaya, kar su haɗa ka da masu koyon taka kulochi.