Bakin dutse mai nauyi: in saya ko in bari?

Wani dan uwa mai sayar da hatsi a wajen Wamba ta jihar Nasarawa ya turo min tambaya, ya ce samari masu haka suna kawo masa wasu bakaken duwatsu masu nauyi suna cewa tantalait ne, yana da naira miliyan 2 da ya ware, ya fara saye yana tarawa ne ko kuwa, kuma ta yaya zai gane na gaskiya.

To Alhaji, sana'ar dai gaskiya ce, kuma yankinku yana da tantalait. Tantalait da kolumbait 'yan gida daya ne, a hade ake samunsu, shi ne a Kwango suke kira koltan. Daga tantalait ake fitar da tantalum da ake sawa a kayan cikin waya da kwamfuta, kolumbait kuma niyobiyam yake bayarwa na kara wa karfe karfi, a shekarun 1950 ma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kolumbait saboda filayen kuza na Jos. Amma abin da nake so ka rike shi ne, wannan kaya ba kamar masara ba ne da za ka damki hannu daya ka san kyanta. Mai saye na karshe kashi nawa cikin dari na tantalum ke ciki yake biya, a kasuwar duniya ma akan kashi 30 ake yawan yanka farashi, don haka buhu biyu masu nauyi daya launi daya, daya zai iya ninka daya a kudi sau da yawa.

Kuma bakin dutse mai nauyi yana da yawa a daji. Akwai kuza, akwai ilmenait, akwai dutsen karfe, duk ido zai ce maka abu daya ne. Gwaji uku za ka iya yi a shagonka. Na farko mayen karfe, in dutsen ya manne masa caraf to ajiye shi gefe, na karfe ne. Na biyu ka goga shi a bayan tayil inda ba santsi, kuza farin zane ko mai haske-haske take bari, tantalait da kolumbait kuwa zanensu ja ne mai duhu zuwa baki. Na uku shi ne na fi so, ka samu karamin sikeli irin na masu gwal ka auna dutsen, sai ka dora kofin ruwa akan sikelin ka maida shi sifili, ka daura dutsen da zare ka nutsar da shi cikin ruwan kar ya taba gindin kofi, ka duba lambar da sikelin ya nuna, sai ka raba nauyin dutsen na farko da wannan lambar ta biyu. Ilmenait wajen 4.7 zai baka, kolumbait 5 da dan wani abu, kuza wajen 7, tantalait mai kyau sosai yana kai wa kusan 8. Ka ga kuza da tantalait suna iya haduwa a lamba, shi ya sa ba a barin gogar tayil.

Wannan duk don ka tace shara ne kawai, kashi nawa na tantalum ke ciki sai na'urar XRF, wadda ake haska dutse da ita ta nuna ma'adinan da ke cikinsa. Masu sayen kuza a Jos da yawa suna da ita, akwai kuma dakin gwaji na hukumar binciken kasa ta Najeriya a Kaduna. Ka gwada a wuri biyu, kuma daya ya zama wanda ba shi zai sayi kayan ba. Samfurin ma da hannunka za ka diba, sama da tsakiya da kasan buhu ka cakuda, don masu algus mai kyau suke zubawa a baki, wasu su jika kayan ya kara nauyi, kai da kake harkar hatsi ka san wannan.

Sai takarda, don Allah kar ka raina ta. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinin kasa a hannun gwamnatin tarayya, mai saye yana bukatar lasisin saye da rike ma'adinai daga ma'aikatar ma'adinai, kuma tun 2024 akwai jami'ai na musamman daga Sibil Difens da ke kama masu harkar ba izini. In aka tare ka da buhu ba takarda kayan sun tafi, watakila har da kai. Ka tambayi samarin nan a filin wa suke haka, in sun fara kame-kame ka janye.

Wani abu da ke damuna, kar ka kai kayan nan cikin gida, kar a daka shi a tsakar gida ko a shanya inda yara ke wasa, kar kuma ya kwana kusa da hatsinka. Irin wannan yashi yakan zo da yuraniyam da toriyam kadan, ma'adinai ne masu fitar da radiyeshan mai cutar da jiki, kuma ba mu manta Zamfara ba a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a Anka da Bukkuyum saboda dakan dutsen gwal a gidaje.

Ni dai da ni ne miliyan 2 din nan ba zan taba ta yanzu ba. Zan cire dubu 200, in sayi sikeli da mayen karfe, in sayi kilo biyu ko uku daga mutane daban-daban kowanne a ledarsa da sunan ramin da ya fito, in hau mota zuwa Jos in ji farashi a wuri uku. In ka dawo ka turo min sakamakon gwajin da abin da suka taya, sai mu zauna mu yi lissafin kudin mota da na lasisi mu ga ko akwai riba.