Ina cikin barci, amma na san mafarki nake yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Nakan tashi tun ƙarfe 3 na dare domin tarbar motocin kaya daga Arewa, bayan sallar Asuba kuma in ɗan kishingiɗa a rumfa kafin masu saye su iso. A wannan barcin ne nakan gane cewa mafarki nake yi alhali ban farka ba, har in ce bari in je Zariya in gaida mahaifiyata, kuma in gan ni a tsakar gidanmu. Yayana ya ce shafar aljanu ce, in nemi mai ruƙiyya. Shin ciwo ne? Daga wani mai karatu, Ketu, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka bayyana sananne ne a wurin masana barci, kuma shi kaɗai ba alamar ciwo ba ne. Wani nazari na shekarar 2016, wanda ya tattara binciken shekaru hamsin, ya nuna kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa samun irin wannan mafarki, kashi 23 kuma suna samunsa aƙalla sau ɗaya a wata.

Barci yana tafiya ne zango-zango, kowane zagaye kusan minti 90. A shekarar 1953, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka bayyana wani zango wanda idanun mai barci ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma a cikinsa ake yin mafi yawan mafarkai masu armashi. A lokacin ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda yake farke, amma gaɓoɓi a sake suke, ba sa motsi, in ban da idanu da numfashi. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu ya ce wannan ba zai yiwu ba, shi ne yake yin sanyi, shi ya sa mutum zai ga kakansa da ya rasu yana tuƙa danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, a kan gadar Third Mainland kuma bai ji ko gezau ba. Abin da ke faruwa da kai shi ne wannan sashe yana ɗan farfaɗowa yayin da mafarkin ke ci gaba, sai ka sami wayon da za ka ce a ranka, ai wannan mafarki ne.

An daɗe ana shakkar masu ba da irin labarinka, ana cewa farkawa suke yi na ɗan lokaci ba su sani ba. A 1975 ne Keith Hearne, a Jami'ar Hull da ke Ingila, ya shirya da wani mutum mai suna Alan Worsley cewa da zarar ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama bisa tsarin da suka ajiye. Na'ura ta ɗauki alamar, tana kuma nuna cewa barci yake yi na gaske. Stephen LaBerge ya tabbatar da haka a Jami'ar Stanford ta Amurka a farkon shekarun 1980. A 2021 kuwa, masu bincike a Amurka da Faransa da Jamus da Holan sun yi wa masu barci tambayoyi, har aka tambayi wani idan an cire 6 daga 8 nawa ya rage, ya amsa da juya ido sau biyu. Yawancin tambayoyin dai shiru aka ji, amma amsoshin da aka samu sun isa hujja.

Tsarin aikinka shi ne babban dalili. Zangon mafarki yana ƙara tsawo ne idan gari ya doshi wayewa, kai kuma kana katse barcinka, ka yi lissafin kwanduna, ka yi ciniki da direbobi, ka yi sallah, sannan ka koma ka kwanta da ƙwaƙwalwa a wartsake. Tashi a ƙarshen dare a koma barci ita ce ainihin dabarar da masu bincike ke amfani da ita idan suna son jawo irin wannan mafarki.

Game da maganar yayanka, addu'o'in kwanciya barci alheri ne ga kowa, ka riƙe su. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, na ɓacin rai daga Shaiɗan, da kuma abin da mutum ke zantawa da zuciyarsa. A ganina, mafarkin da kai ne ka zaɓi inda za ka je ya fi kusa da kashi na uku, kewar gida ce take kai ka Zariya. Saboda haka kada ka kai shi wurin mai fassara, kada kuma ka gina shawarar kasuwa a kansa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙarancin barci. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, wanda zai tashi ƙarfe 3 kuwa ya kamata ya kwanta ba da jimawa ba bayan Isha'i. Idan barci ya fara sace ka da rana kana tsakiyar magana, ko gwiwoyinka su saki idan ka yi dariya, ko ka kasa bambance abin da ka gani a mafarki da abin da ya faru a zahiri, to ka ga likita. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba suna da ƙwararru a wannan fanni.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina son koyon irin wannan mafarki domin munanan mafarkai sun dame ni, amma ina tsoron dannau. Daga wata mai karatu, Agege.

Amsa: Malama, dannau yana faruwa ne idan hankali ya farka amma sakin gaɓoɓin nan na zangon mafarki bai gama barin jiki ba, sai mutum ya kasa motsi, wani har ya ji kamar an hau ƙirjinsa. Yana da ban tsoro, amma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara kawo shi. Don haka ba na ba ki shawarar saita agogo ki katse barcinki, musamman ga mai fita da sassafe don guje wa cunkoson hanya. Ki ajiye littafi kusa da filo ki rubuta mafarkinki da zarar kin farka, ki lura da abin da yake yawan maimaituwa, sannan lokacin kwanciya ki ƙudurta cewa idan kin sake ganinsa za ki tuna mafarki ne. Wasu sun sami sauƙi ta haka, amma ba kowa wannan dabara take yi wa aiki ba. Idan mafarkan sun samo asali ne daga wani abin firgici da ya same ki, kamar haɗarin mota ko fashi, ki fara da ganin likita, domin akwai hanyoyin magani da aka gwada musamman don wannan.