Tambaya da Amsa: Ta ina mai keke zai bi ya kai tashar jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Kazaure. Aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratso ta bayan gonakinmu, kowa na ta murna. Sai dai tsakaninmu da inda aka ce za a yi tasha akwai babban titi, ga tireloli ga tifofin yashi, gefen titin kuma ruwa ya zaizaye shi. Ni keke nake hawa, ɗalibaina da iyayensu mata da ƙafa suke zuwa. In jirgi ya fara aiki ta ina za mu bi, kuma wa za mu kai wa kukanmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya yi maka albarka. Ka yi tambayar a kan gaɓa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A Malam Madori na tashi, garin da layin Kano zuwa Nguru ya raya tun da aka buɗe shi a 1930. Na ga yadda tasha ke jan gari. Da fari rumfar mai shayi, sai masu tuwo, sai shaguna, kafin ka ankara hanyar da jakuna ke bi da buhunan gyaɗa ta zama lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa. Haka za ta faru a wajenku. Tun da aka aza harsashin wannan aiki mai tsawon kilomita 284 a watan Fabrairun 2021, dillalan filaye suka buɗe ido. Duk hanyar da ba ku shata yanzu ba, gobe sai an rushe gidan wani kafin a same ta.

Saboda haka ku fara daga gida. Ku tara mai unguwa da iyayen yara, ku taka hanyar da ƙafarku tun daga ƙofar makaranta har bakin tashar, ku zana ta a takarda: ga inda ruwa ke kwanciya da damina, ga inda ake buƙatar kwalbati, ga inda burtali ya gitta. Ku kai wa dagaci, shi ya kai wa hakimi, ku kuma ba kansilanku kwafi. Kada ku raina ƙaramar hukuma a nan, domin Dokar Filaye ta 1978 ta ba ta iko a kan filayen karkara, ita za ta iya ware hanya ta hana a yanka ta. Abin da ya shafi harabar tasha da wurin tsallaka layi na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, babban titin Kano zuwa Daura kuwa na gwamnatin tarayya ne, sai ku bi ta hannun ɗan majalisarku.

Ni da zan zaɓa, hanyar ƙafa da keke ta bi ta bayan gari ta rabu da kwalta gaba ɗaya, ko da ta burji ce. Inda ba makawa sai an tsallaka titi, a yi wuri guda sananne mai tudun rage gudu da fitila mai aiki da hasken rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda mutane da motoci ke cakuɗuwa kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. Ku kuma nemi rumfar ajiye kekuna da mai gadi kusa da ƙofa, nesa da inda 'yan acaɓa ke yin dafifi. Wanda yake tsoron a sace masa keke ba zai bar shi a tasha ya tafi Kano ba.

Sai maganar layin kansa, wadda ta fi damuna. Ina yaro, wani ɗan ƙanen mahaifina ya zo tsallaka layi a karkace da buhun gero a bayan keke. Tayar gaba ta faɗa ramin da ke jikin ƙarfen, ya kife, gwiwarsa ta fashe, geron ya watse cikin tsakuwa. Har yau ina ganin mata suna tsince shi cikin faifai. Allah ya kiyaye, babu jirgi a kusa. Ka gaya wa ɗalibanka su sauka su tura keken, su tsallaka a miƙe. Sabon jirgin ya fi wanda muka sani gudu nesa ba kusa ba, kuma jirgi mai kaya yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya bayan an taka birki. Direba zai hango yaro, amma ba abin da zai iya yi.

Kafin a samu duk wannan, mai ƙafa ya bi hannun hagu yana fuskantar motar da ke tahowa, kai mai keke ka bi dama tare da motoci, kamar yadda ake tuƙi a ƙasar nan tun 1972. Ka sa fitila da ɗan jan madubin nan na baya, musamman lokacin hazo. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ka rubuta ta a allon aji.

In kun gama zanen hanyar, Malam, ka aiko min da kwafi in duba muku wuraren kwalbatin.