Ga ɗan'uwanmu na Marwa: ba majigi ne zai dawo da mutanenku ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka tun shekaranjiya, sai na ga ba amsar layi biyu take buƙata ba, shi ya sa na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce ku 12 kuka fara haɗuwa a unguwar Domayo kowace Asabar kuna kallon finafinan faɗa, yau wata 5 ke nan kun koma ku 4, kuma da zarar fim ya ƙare sai wani ya ce ya yi, wani ya ce bai yi ba, kowa ya nemi takalminsa. Ka kuma tambaya ko sayen majigi da manyan lasifika zai dawo da waɗanda suka janye. A ganina ba zai dawo da su ba, kuma ina faɗin haka ne domin mu ma a nan Garwa, a arewacin Kamaru kamar ku, mun bi ta wannan hanya, har muka kusa watsewa kafin majalisarmu ta cika shekara guda.

Mun fara ne a 2017, a zauren gidan su wani abokinmu tela da ke unguwar Yelwa, da talabijin guda da tabarma biyu. Abin da muka daɗe ba mu gane ba shi ne zamani ya canja. Lokacin da muke yara dole ce take kai mu gidan kallo, domin ba kowane gida ke da talabijin ba, kuma can ne muka fara sanin akta da bos, wanda masu jin Faransanci ke kira shef bandi. Manyan gidajen silima kuwa sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ukun da suka rage a Kamaru, wato na Yawunde da Duwala da Bafusam, suka rufe a farkon 2009. Yau kowa yana da fim a aljihunsa, da 'yan canji kaɗan masu turawa za su cika masa waya. Saboda haka babu magidancin da zai baro iyalinsa da dare, ya ƙona man babur, don kawai ya ga abin da zai iya gani a kwance kan katifarsa. Abin da waya ba za ta ba shi ba shi ne mutanen da zai yi musu da su. Wannan rabin awar ta bayan fim, wadda ku kuke tsallakewa, ita ce ta riƙe mu har yau.

Gyaran farko da muka yi shi ne zaɓen fim ya zama zagaye, kowa da makonsa, kuma wanda ya zaɓa dole ne ya riga ya kalle shi daga farko har ƙarshe shi kaɗai. Wannan sharaɗi da wuya muka koye shi. Wata rana wani daga cikinmu ya kawo fim ɗin da bai duba ba, ana tsakiyar kallo sai ga wani wuri na tsiraici, daidai lokacin da mahaifin telan ya shigo zauren zai wuce cikin gida. Dattijon bai ce uffan ba, ya yi sallama ya wuce, amma washegari aka sanar da mu cewa mu nemi wani wuri, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Sai da muka yi wata biyu ba mu zauna ba. Tun daga nan mai zaɓe ne ke riƙe rimot, ya san inda zai tsallake, kuma kafin a kunna yana da minti uku ya gaya mana ƙasar da aka yi fim ɗin, da shekararsa, da dalilin da ya sa yake so mu ba shi awa biyu na rayuwarmu. Mutumin da ya san makonsa na zuwa, kuma zai tsaya gaban abokai ya kare zaɓinsa, ba ya fashin zama.

Gyara na biyu shi ne ya fi komai tasiri. Mun hana kalmar "ya yi" da "bai yi ba" idan ba hujja a bayanta. Duk wanda ya yaba ko ya kushe, sai a miƙa masa rimot a ce ya nuna mana wurin, domin gani ya kori ji. Da farko mutane sun ɗan takura, amma sai ga shi kowa ya fara kawo idon sana'arsa. Akwai mahauci a cikinmu wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Shi ba ya kallon hannun ɗan wasa ko fuskarsa, ƙafa yake kallo. Wani dare ana ta yabon wani jarumin Amurka mai faɗin ƙirji, sai ya karɓi rimot ya tsayar da hoton, ya miƙe tsaye a tsakiyar tabarma, ya gyara tsayuwa irin ta 'yan dambe, ƙafar gaba a kafe, nauyin jiki a ta baya, ya nuna mana cewa naushi daga ƙugu yake tasowa. Ya ce mu dubi jarumin, dugadugansa biyu a haɗe suke, duk wanda ya kai duka a haka iska ma za ta iya kayar da shi. Muka mayar da wurin sau uku, kuma gaskiyarsa ce. Daga ranar ban sake kallon faɗa a fim ba tare da idona ya sauka ƙasa ba.

Telan kuma shi ya koya mana ƙirga yanka. Yana zuwa da kwalin ashana, mu zaɓi minti ɗaya na faɗa, mu kashe sauti, duk lokacin da hoto ya yanke aka koma wata kusurwa sai ya ajiye tsinke ɗaya a kan tire. A wasu finafinan tiren yakan cika kafin minti ya ƙare, kyamara tana ta rawa, ba ka ganin wanda ya kai duka da wanda aka doka a hoto guda. Ya ce haka tela yake yi idan yadi bai isa ba, sai ya yi ta haɗe-haɗe don kada a gane. A tsofaffin finafinan Hong Kong kuwa tsinke kaɗan ne ke sauka, saboda ana ja da kyamara baya a bar ka ka ga jiki duka, kuma ba a iya yin haka sai da mutanen da suka iya abin da gaske. Don ku gwada, ku nemi Police Story na Jackie Chan, na 1985, ku dubi faɗan ƙarshe a cikin katafaren kanti, inda ya sulalo a jikin sandar ƙarfe ta cikin ƙwayayen lantarki har ya ƙone tafin hannunsa. Ku kuma bari rubutun ƙarshe ya wuce kada ku kashe, domin a nan yake nuna wuraren da aka yi kuskure aka ji rauni. Sai ku haɗa shi da Ong-Bak na ƙasar Tailan, na 2003, inda Tony Jaa ya yi tsalle-tsallensa ba tare da an ɗaure shi da igiya ba. Wannan ya sa muka fara kula da sunayen masu shirya faɗa da masu tsaya wa jarumi a wuraren haɗari, mutanen da ko kyautar Oscar ba ta ware musu rukuni ba sai a 2025 da aka sanar za a fara, daga finafinan 2027.

Ba ka ambaci harshe ba, amma na san zai taso muku, domin a zama irin namu akwai mai Hausa da Fulatanci kawai, akwai wanda ya yi lise, wato babbar sakandare, yana son Faransanci. Fassarar Hausa da ake yi wa finafinan Indiya a Kano ita ce ta fi cika mana tabarma, kuma ba na raina ta, don ta shigo da mutanen da a da suke kallon hoto kawai suna cinkar labari. Sai dai mai fassara yakan ƙara barkwancinsa, wani lokaci a wurin da ɗan wasa yake kuka, kuma idan za a yi wa fim hukunci bai dace a ɗora masa abin da ba shi ya faɗa ba. Maganin da muka samu shi ne a kalli fim da harshen da mafi yawa za su ji, sannan lokacin hira a sake kunna wuri ɗaya mai nauyi da muryar asali, wani ya fassara mana a hankali. Haka muka yi da First Blood na 1982, fim na farko na Rambo. Da yawa sun zo da tsammanin ruwan harsashi irin na waɗanda suka biyo baya, sai suka tarar da labarin tsohon sojan da yaƙin Biyetnam ya lalata wa zuciya, ya dawo ƙasarsa babu mai maraba da shi, kuma a duk fim ɗin mutum ɗaya ne aka nuna mutuwarsa ƙarara. Hirar daren ta kai mu kusan ƙarfe goma sha biyu, kuma rabinta a kan 'yan'uwanmu ne masu kaki da suke dawowa daga bakin iyaka sun zama wasu mutane daban.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake roƙonka ka ɗauka da muhimmanci, musamman da yake a Marwa kuke, garin da ya ga tashin bama-bamai a watan Yulin 2015. Ƙarar bindiga a wurinmu ba abin fim ba ne kawai. Wani dare mun sa Black Hawk Down na 2001, wanda ya ba da labarin faɗan Mogadishu na Oktoban 1993, inda aka kashe sojojin Amurka 18 da ɗaruruwan Somaliyawa. Akwai wani matashi mai haya da babur da ke zama da mu, wanda danginsa suka baro yankin Fotokol da ke kan iyakar Najeriya bayan harin 2015. Ana cikin harbe-harben sai ya tashi a hankali ya fita. Da na bi shi na same shi zaune kan babur ɗinsa a duhu, ya riƙe kofin shayin da bai sha ba, hannunsa yana rawa har shayin yana zuba a kan wandonsa. Ban tambaye shi komai ba, na zauna kusa da shi har aka gama. Da muka koma ciki shi ne ya fara magana, ya ce kowane Ba'amurke a fim ɗin yana da suna da fuska da iyalin da ke jiransa, amma baƙaƙen da ke faɗuwa ba wanda aka gaya mana sunansa, alhali kowannensu akwai uwar da ta haife shi. Malamin makarantar da ke cikinmu ya ƙara da cewa ko ɗaukar fim ɗin ma a Maroko aka yi, ba a Somaliya ba. Ban taɓa jin sharhin da ya kai na yaron nan ba, amma da mun san halinsa da ba mu sa shi cikin wannan hali ba tare da gargaɗi ba. Yanzu idan fim na yaƙi ne, mai zaɓe yana faɗa tun mako guda kafin ranar, wanda ba zai iya ba ya huta, babu mai tambayarsa dalili. Yara kuma ba sa zama da mu ko kaɗan, ko da 'ya'yan mai gida ne.

Sauran abubuwan masu sauƙi ne. Muna farawa bayan sallar isha'i, kuma fim kada ya wuce awa biyu. Na Indiya masu tsawo muna raba su gida biyu a daidai wurin hutun da suke zuwa da shi, kashi na biyu sai mako mai zuwa. Kowa yana ajiye sefa 500 na shayi da sukari da burodi, rarar kuma ita muka tara muka sayi batir da farantin sola, saboda a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, ba a dogara da wuta. A wannan lokaci tsakar gida muke fitowa da talabijin. Da azumi muna rufewa gaba ɗaya, haka muka yi ma a Janairun 2022 da aka buga wasannin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya na nan Garwa, domin babu amfanin yin takara da ƙwallo. Amma ba ma tashi hutu sai mun tsayar da ranar dawowa da sunan wanda zai kawo fim, tun da mun lura hutun da ba a sa masa rana ba shi ne ke kashe majalisa.

Muna da littafi mai bangon kwali da muke rubuta kwanan wata, da sunan fim, da wanda ya kawo, da makin da kowa ya bayar bisa 20 kamar yadda aka saba mana a makaranta, sai jimla ɗaya daga bakin kowa. Yanzu muna cikin littafi na uku. Amfaninsa yana fitowa ne idan aka sake kallon fim bayan shekaru, mutum ya ga ya ba shi 17 a da, yau kuma 11 yake ganin ya dace, sai a tambaye shi abin da ya canja, fim ɗin ko shi.

Game da mutum 8 ɗin da suka janye, kada ka rubuta musu saƙon gayya a WhatsApp, domin kowa zai ɗauka da wani ake. Ka je wurin ɗaya daga cikinsu da ƙafarka, shagonsa ko ƙofar gidansa, ka ce masa Asabar mai zuwa shi ne zai kawo fim, kuma kuna so ya gaya muku dalilin da ya sa yake son sa. Idan ya zo ku ba shi rimot, ku dafa shayin bayan an gama kallo ba kafin a fara ba, yadda ba wanda zai tashi sai an sha zagaye na uku. Kuɗin majigin kuma ku bar shi a asusu tukuna har ku ga tabarma biyu sun daina isarku. Idan hanya ta kawo ka Garwa ranar Asabar, ka yi mini magana tun da rana, za mu ajiye maka wuri kusa da mahaucin.